Wai a ina ƙoda take ne, kuma ta ina ruwan da muka sha yake bi ya zama fitsari?

Direban Tirela: Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku raba mana gardama. Mu direbobi kusan duk wanda ka taɓa sai ya ce maka ƙugunsa na ciwo, nan ƙasa daidai inda bel yake zama, kuma da ka faɗa a tasha sai a ce ai ƙodarka ce ta yi datti a miƙo maka gorar maganin wankin ƙoda. Yaron motata kuma ya yi sakandare, ya dage wai ƙoda ba a nan take ba sam. To a ina take? Na biyu, ruwan da mutum ya sha ta wace hanya yake bi daga tumbi ya sauka mafitsara, akwai wani bututu ne da ya haɗa su?

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam Alhaji, yaronka ya fi 'yan tasha gaskiya. Ƙoda guda biyu ce, ɗaya dama ɗaya hagu, suna can ciki jingine da bangon baya a gefe da gefen ƙashin baya, kuma sama suke ba ƙasa ba. Ka kai hannu bayanka ka lalubo haƙarƙarinka na ƙarshe, to kusurwar nan da ya haɗu da ƙashin baya nan ne wurin, samanta ma haƙarƙari ne ya rufe shi. Inda bel yake zama kuwa ƙashi ne da tsoka da jijiyoyi, kuma wanda ya wuni ya kwana a kan kujerar mota daga Kano zuwa Legas ramuka suna jijjiga shi ai dole wurin nan ya yi tsami.

Ɗan Sarkin Pawa: Haka yake Malam. Mu da muke fiɗa kullum, sai ka kwashe tumbi da hanji da hanta kaf sannan za ka ga ƙoda manne can baya cikin kitse, ba ta cikin kayan cikin da suke zubowa in an farke. Kitsen ma daban yake, fari mai tauri, sai ka ɓare shi kafin ka ganta

Ɗalibin Likitanci: Slm iyayena da yayyena, bari in ɗan ƙara tunda shi muke karantawa yanzu. Kayan ciki irin su tumbi da hanji suna cikin wata tantani ne da ta lulluɓe su, ita kuma ƙoda tana bayan wannan tantanin, shi ya sa Baba Ɗan Sarkin Pawa yake cewa ba ta zubowa tare da su. Tana farawa daga gaɓar ƙashin baya ta 12 ta ƙirji ta sauka zuwa gaɓa ta 3 ta ƙugu. Ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka ƙasa saboda hanta ta tokare ta daga sama. Tsawonta a babban mutum santimita 10 zuwa 12, faɗi kamar 6, kauri kamar 3, nauyi wajen giram 150, siffarta ta ƙwayar wake ce mai ɗan lotsawa ta gefen ciki kuma ta wannan lotsawar ne jijiyoyin jini da bututun fitsari suke shiga su fita. Sannan ba a kafe take ba, duk numfashin da ka ja tana ɗan sauka ta sake hawa.

Jikan Mai Magani: Ni fa ina da ja a nan. Ba raina boko nake ba amma kakana shekara da shekaru yana ba da maganin ciwon ƙoda kuma mutanen da suke zuwa wurinsa mara suke riƙewa, wani ma ciwon har gabansa yake sauka yana birgima a ƙasa yana amai, a jiƙa masa saiwa ya sha kwana biyu ya fitar da 'yar tsakuwa a fitsari, da idona na gani ba labari ba. In dai ƙoda tana can sama ƙarƙashin haƙarƙari me ya kawo ciwon mara kenan?

Likitan Zaure: Abin da ka gani gaskiya ne ɗan uwa, kuma shi ma yana nuna yadda halittar take. Daga kowace ƙoda akwai wani siririn bututu da yake saukowa zuwa mafitsara, mu muna ce masa yureta. Tsawonsa santimita 25 zuwa 30 amma faɗin raminsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Kuma ba bututu ne sake ba, tsoka ce a jikinsa tana matsawa tana saki tana tura fitsari ƙasa, shi ya sa ko a kwance kake ko ka yi sujada fitsari mafitsara yake tafiya. Tsakuwa a ƙoda take haɗuwa kuma sau da yawa tana zaune a can shiru, ranar da ta faɗo cikin bututun nan ne mutum yake sanin da ita, bututun yana matsawa da ƙarfi don ya tura ta, fitsari ya taru a bayanta. Ciwon sai ya fara daga kwiɓi ya zagayo mara, tana sauka yana sauka, in ta kusa mafitsara namiji har a maraina yake ji. Wuri uku bututun ya fi tsukewa: inda ya baro ƙoda, inda ya gitta manyan jijiyoyin jini a bakin ƙashin ƙugu, da inda ya shiga jikin mafitsara, kuma a nan ukun tsakuwa ta fi maƙalewa.

Jikan Mai Magani: Toh amma ai saiwar ce ta fito da ita

Likitan Zaure: Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba mafi yawanci da kanta take fitowa cikin kwanaki ko 'yan makonni, kuma ruwan da aka sha da yawa tare da jiƙon yana taimakawa wajen turo ta. Damuwata ita ce babbar da ta toshe hanya ta ƙi motsi, ciwon yana iya lafawa mutum ya ɗauka ya warke alhali fitsari na nan yana taruwa yana kumbura ƙodar yana lalata ta a hankali, in kuma zazzaɓi ya shigo to ranar nan a tafi asibiti ba gobe ba. Wanda yake jiƙa magani a gida ba shi da hanyar sanin wacce ce ƙarama wacce ce babba, hoto ne yake nunawa.

Jikan Mai Magani: Na ji wannan. Amma maganar wankin ƙoda ina nan a kan bakana, zan dawo kanta

Malamin Bayoloji: Alhaji tambayarka ta biyu kuma, babu wani bututu daga tumbi zuwa mafitsara, ko ɗaya. Wannan shi ne abin da na fi shan wahala da ɗalibai a kai a aji duk shekara. Ruwan da ka sha tumbi yake zuwa ya wuce hanji, hanji ya tsotse shi ya shiga jini, ya zagaya jiki gaba ɗaya. Ita ƙoda jini take karɓa, daga babbar jijiyar da ta taso daga zuciya ta bi gaban ƙashin baya reshe ɗaya ya tafi ƙodar dama ɗaya ya tafi ta hagu. Daga jinin nan ake fitar da fitsari. Duk fitsarin da ka taɓa yi a rayuwarka sai da ya zama ɓangaren jininka tukuna.

Maman 'Yan Biyu: Malam anya kuwa? ni fa in na sha shayi da safe ko kankana ko minti 30 ba a yi sai na nemi buta, yaushe har ya shiga hanji ya shiga jini ya zagaya ya dawo, ni gsky na ɗauka zarcewa yake yi kawai

Likitan Zaure: Hajiya ai saurin jini ya wuce yadda muke zato. Ruwa tsura in ciki babu abinci cikin 'yan mintuna yake fara shiga jini, kuma zuciya tana harba kusan lita 5 a minti ɗaya, wato kusan duk jinin jikinki. A cikin wannan, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ƙoda yake tafiya, sama da lita 1 kowane minti, duk da su biyun a haɗe ba su kai rabin kilo ba. Sannan akwai wani sinadari da yake fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa wanda aikinsa shi ne ya sa ƙoda ta riƙe ruwa. Da kin sha ruwa da yawa jini ya ɗan tsinke sai a rage sakinsa, ƙoda ta saki ruwan, fitsari ya fito da yawa fari tas. Da azumi kuma akasin haka, wajen la'asar sinadarin ya yi yawa, fitsari ya zama kaɗan mai duhu mai ƙarfin wari. Wannan ba ciwo ba ne, aikinta take yi daidai.

Ɗalibin Likitanci: Wlh wannan wurin ne ya fi burge ni a duk karatun. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan 1, sunansu nefuron, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowane ɗaya yana farawa da wani dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini da ke zaune cikin wani ɗan ƙoƙo, jini ya shigo da ƙarfi sai ruwa da gishiri da suga da datti su tsattsafo cikin ƙoƙon amma ƙwayoyin jini da manyan furotin ba sa iya wucewa. Wani Bature ɗan Ingila William Bowman shi ya bayyana yadda ƙoƙon ya haɗu da bututunsa a 1842 shi ya sa ake kiransa da sunansa. To abin da ake tacewa ta nan a kwana ɗaya lita 180 ne fa, amma fitsarin da mutum yake yi lita 1 zuwa 2 ne kawai, saboda bayan ƙoƙon akwai dogon bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe da yake sake tsotse kusan kashi 99 cikin 100 ya mayar jini. Suga gaba ɗaya ake mayarwa, shi ya sa mai lafiya babu suga a fitsarinsa, sai in ya yi yawa a jini ya fi ƙarfin bututun ne yake tsallakewa har ka ga kiyashi na bin wurin da mai ciwon suga ya yi fitsari.

Direban Tirela: Lita 180?? jarka 9 kenan fa mai lita 20. Allahu Akbar. To a ina jiki ya samu wannan ruwan

Ɗalibin Likitanci: Ruwa ɗaya ne yake ta zagayowa Alhaji, ruwan jini in an ware ƙwayoyinsa bai wuce lita 3 ba, ana tace shi a mayar a sake tacewa kusan sau 60 a kwana

Ɗan Sarkin Pawa: Ɗana ɗalibi in tambaye ka. In na tsaga ƙodar rago biyu ina ganin bakin waje launinsa daban, na ciki daban mai zane-zane, sai wani farin aljihu a tsakiya wanda muke yankewa mu yar saboda shi ne mai zarni. Ta mutum ma haka take? Sannan me ya sa ta sa take da gaɓa-gaɓa kamar an ɗaure ta, ta rago da akuya kuma sumul

Ɗalibin Likitanci: Kusan haka take Baba. Bakin wajen nan shi ne inda ƙoƙunan tacewa suke. Na cikin mai zane-zane bututu ne jere suna gangarowa, a mutum sun kasu dala-dala guda 8 zuwa 18 kowace da tsininta yana ɗigar da fitsari cikin ɗan kofi, ƙananan kofunan su haɗu su zama manya 2 ko 3, su kuma su zuba a farin aljihun nan da kake yankewa, daga shi yureta ta tashi. A rago dalolin sun haɗe sun zama tudu ɗaya. Ta sa kuma rabe-rabenta ne suka fito har waje, kuma jariri ma a ciki ƙodarsa da gaɓa-gaɓa take sai daga baya take yin sumul.

Malamin Bayoloji: Ku ƙara da raƙumi. Ɓangaren cikin nan mai zane-zane a ƙodar raƙumi yana da kauri sosai bututunsa dogaye, shi ya sa yake iya tsotse ruwa ya bar fitsari ɗan kaɗan mai kauri ya yi kwanaki bai sha ba. Mu namu bai kai nan ba, ko yaya mutum ya ƙi shan ruwa sai ƙoda ta fitar da wajen rabin lita a kwana don ta samu abin da za ta kora datti da shi.

Jikan Mai Magani: Yauwa ga inda nake jira. Kun ce da bakinku matata ce, to wace matata ce a duniya ba a wanke ta? Mutum ya sha maganin nan ya yi ta fitsari, wani har launinsa ya canja, ya ji jikinsa sakayau, ku ce ba wanki ba ne. Kowa ya bar gida gida ya bar shi fa

Likitan Zaure: Ba gida muke bari ba ɗan uwa, mu ma da sabara da tafasa aka raine mu. Amma ƙoda ba ta ajiye datti a jikinta da za a je a ɗauraye. Dattin da take cirewa narkakke ne a cikin ruwa, babbansa yuriya wanda hanta take haɗawa daga ragowar nama da wake da sauran furotin, sai kiriyatinin da yake fitowa daga tsoka, kuma ana tace su suke bin fitsari su fice. Ruwan ɗorawar da kake gani a fitsari ma daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini da aka rushe yake. In ka sha abu fitsari ya ƙaru to abin ya tilasta ƙoda ta saki ruwa da gishiri ne, in launi ya canja launin abin da ka sha ne yake fita. Abin da yake tayar min da hankali shi ne duk abin da aka sha sai ya bi ta cikin matatan nan da yawansa, gorar da ba a san me aka zuba ba ba a san awonsa ba, ga kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da masu aikin ƙarfi suke haɗiya kullum a kan rana da ƙishirwa. Kuma nefuron tun mutum yana cikin mahaifiyarsa wajen sati 36 ake gama ƙera su, wanda ya mutu ba a yin sabo.

Sista Ungozoma: Likita ka faɗa musu kuma ita ƙoda ba ta cika ciwo ba in tana lalacewa. Mu da muke asibiti muna gani, mutum zai zo ƙafa a kumbure fuska a kumbure da safe jini ya yi ƙasa, ka tambaye shi ya ce shi bayansa bai taɓa ciwo ba. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen cinye ta kuma shiru suke yi. Gwajin fitsari da na jini da awon hawan jini su ne suke nunawa

Likitan Zaure: Haka ne Sista. Kusan rabin aikinta yana iya tafiya kafin kiriyatinin ma ya haura a gwaji. Ƙarancin jinin da kika ambata kuma saboda ƙoda ce take fitar da sinadarin da yake sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ita ce kuma take da hannu a daidaita hawan jini, ita take kammala bitamin D don ƙashi ya yi ƙwari.

Jikan Mai Magani: Ban gamsu duka ba amma maganar gorar tasha na yarda, kakana ma bai taɓa haɗa magani da abin da bai sani ba

Ɗan Maraɗi: Salam 'yan uwa na Najeriya. Mu nan abin da ake faɗa shi ne wai ƙarfin namiji a ƙoda yake, wanda ya ba ɗan uwansa ƙoda guda ya gama haihuwa. Akwai gidan da na sani magana ta tsaya a nan, matar mai bayarwa ta ce ba ta yarda ba

Likitan Zaure: Allah ya ba mara lafiyar lafiya. Babu hanyar da ta haɗa ƙoda da maniyyi Malam. Maniyyi a maraina ake yinsa, bututunsa daban yake hawowa, sai a ƙasan mafitsara ne yake shiga hanyar da fitsari yake fita, iyakar tarayyarsu kenan. Mai ƙoda ɗaya lafiyayya yana aure yana haihuwa yana noma, wadda ta rage tana ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin, akwai ma waɗanda da guda ɗaya aka haife su ba su sani ba sai an yi hoto don wani dalili. Dashen farko da ya yi nasara a Boston ta Amurka aka yi shi a 1954, tawagar likitoci su Joseph Murray suka cire daga ɗan tagwaye suka sa wa ɗan uwansa, kuma wanda ya bayar ya rayu fiye da shekara 50 bayan nan. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun 2002 suke yi. Sai dai ba a karɓa sai an yi wa mai bayarwa gwaje-gwaje an tabbatar duka biyun nasa lafiya suke. Sabuwar kuma ba a baya ake sa ta ba, a gefen mara ake dasa ta kusa da mafitsara, tsofaffin galibi a bar su inda suke.

Maman 'Yan Biyu: Sista don Allah mu ma a taɓo namu, me ya sa mu mata muka fi fama da zafin fitsari, kuma da ciki kamar a banɗaki mutum zai tare

Sista Ungozoma: Yaya halittar ce ta zo da haka. Mafitsara jaka ce ta tsoka tana bayan ƙashin mara, tana ɗaukar kamar rabin lita, amma tun tana da mililita 200 ko ƙasa da haka ake fara jin fitsari. Daga ita zuwa waje hanyar mace santimita 4 ce kacal, ta namiji kuwa wajen 20, ga shi kuma bakinta kusa yake da gaba da dubura, to ƙwayar cuta ba ta da nisan tafiya. Shi ya sa muke cewa tsarki daga gaba zuwa baya, a daina riƙe fitsari, a yi fitsari bayan kwanciyar aure. Kuma don Allah mata mu sani ƙofar fitsari daban take da ta haihuwa, da yawa ba su san wannan ba har sai sun zo awo. Da ciki kuma mahaifa a bayan mafitsara take tana kwanto mata, tana girma tana danne ta, ga ƙoda ma tana ƙara yawan tacewa. Wannan kusancin ne kuma yake kawo yoyon fitsari, mace ta kwana biyu uku tana naƙuda kan yaro ya matse mafitsara da ƙashin mara, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan kwanaki ya huje fitsari ya dinga zuba ta gaba ba tsayawa. Ba maita ba ce ba kuma laifinta ba ne, kuma ana ɗinkewa, asibitin Babbar Ruga a Katsina shekaru da yawa suna wannan aikin, Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya yi wa dubban mata a can. Ina roƙon mazan zauren nan naƙuda in ta wuni ta kwana a ɗauki mace a tafi, kar a jira.

Ɗan Maraɗi: Mu ma akwai a Danja nan kusa da mu, ana yi

Malamin Bayoloji: Tunda an zo mafitsara a taɓa tsargiya. Yaran da suke wanka a kududdufi da dam da fadamun shinkafa za ka ga jini a ƙarshen fitsarinsu har wasu iyaye su ɗauka alamar balaga ce. Tsutsa ce take shiga ta fata daga ruwan da yake da ƙananan katantanwa, ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai a jikin bangonta. Theodor Bilharz ya gano ta a Alƙahira a 1851. In aka bar ta shekaru tana iya tsuke bakin yureta fitsari ya koma wa ƙoda, kuma maganinta praziquantel ne, ana raba shi a makarantu.

Ɗalibin Likitanci: Bakin nan da Malam ya ambata abin kallo ne, yureta ba ta huda mafitsara kai tsaye, a karkace take ratsa bangon, to da mafitsara ta cika sai bangon ya matse ta ya rufe, fitsari ba ya komawa sama

Baba Ɗan Fansho: 'Ya'yana ina ta karantawa ban sa baki ba. Ni shekarata ta haura 65, fitsari yana matsa ni amma in na tsuguna sai na jira, ya zo siriri yana yankewa, da dare in tashi ya fi sau uku. An rubuta mini hoto an ce in sha ruwa in riƙe fitsari kafin in je, ni kuma riƙewar ce wahala. Ƙodar ce ta gaji ko me, kuma dole ne sai na riƙe?

Likitan Zaure: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yadda ka kwatanta ya fi kama da furostet, wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai suke da ita a ƙasan mafitsara, nauyinta wajen giram 20 a saurayi, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa. Daga shekara 50 zuwa sama tana yawan girma ta matse hanyar, mafitsara ta dinga yunƙuri ba ta juye duka ba, shi ya sa kake komawa da wuri. Ƙodar tana yin fitsarinta, mafita ce ta tsuke, amma in aka daɗe a haka matsin yana iya hawa sama ya taɓa ta, don haka kar a ɗaga hoton nan. In kuma wata rana ya tsaya cak mara ta kumbura, a daren za a je a sa roba a zuƙe.

Sista Ungozoma: Riƙewar kuma Baba dalilinta shi ne na'urar ta fi gani ta cikin ruwa, in mafitsara ta cika tana ture hanji gefe bangonta ya miƙe a ga furostet ɗin a ƙasanta sosai. Ba sai ka sha tun daga gida ka sha wahala a mota ba, ka tafi da ruwanka ka sha a can kamar awa ɗaya kafin layinka ya zo, ka gaya wa mai hoton riƙewa na yi maka wuya za su sa ka gaba. Bayan an duba za su ce ka je ka yi fitsari ka dawo a sake ɗora na'urar a auna abin da ya rage a ciki, kar ka tafi gida kafin a yi wannan na biyun.

Baba Ɗan Fansho: To madalla 'yata, Allah ya yi muku albarka. Ranar Litinin ne hoton